Hannun Auta

Shekara ashirin da biyu ina kitso, hannu a sama tun safe har la'asar, sai rana guda tsinke ya suɓuce mini a tsakiyar kan wata mata. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi sun mutu murus, kafaɗa kuwa kamar ana tsira mini allura.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya ce, "Malama, jijiyoyin hannunki ne suka matse tsakanin ƙashin wuya da haƙarƙarin farko. Sai mun cire haƙarƙarin."

Na ce, "Sukutum? Likita, rago ka mai da ni?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce bayan aiki sati shida ba ɗaga hannu sama da kafaɗa, ba ɗaukar abin da ya fi kofi nauyi.

Wallahi ba wuƙar ce ta tsorata ni ba, Inna ce. Mahaifiyata tsohuwar mai kitso ce, a hannunta na koya, amma tsufa ya cinye mata tunani. Ina gabanta za ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Sai fa in na zaunar da ita na tsaga mata gashi daga bayan kunnen hagu, yadda ita kaɗai take farawa, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Auta, a hankali mana." Ni ce autarta. Sau ɗaya a sati nake samun uwa, kuma da hannun nan nake samunta.

Maigidana ya sauko da tukwane daga saman kanta, ya sayo mini riguna masu maɓalli a gaba, ya jera filo uku, wai a kishingiɗe zan riƙa barci. Ni kuwa ana gobe aiki na yi wa Inna ƙananan kitso, ina yi hannu na mutuwa, ina yarfe shi ina ci gaba. So nake ya daɗe bai tsufa ba.

Aka yi aiki lafiya. Tari ma sai na rungume filo nake yinsa. Kullum ina gaban bango ina tafiya da yatsu sama kaɗan-kaɗan, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya mini, maigidan yana ja mini layi da fensir yana tsokana: "Yau kin haye kan makunnin fitila, saura rufi!"

Sati na uku kitson Inna ya tsufa. Yayata ta zo da tsinkenta, ta fara daga goshi kamar kowa. Inna ta ture hannunta.

"Ba wannan ba. Ina Autata? Ta daina zuwa."

"Inna, ga ni nan," na ce.

Ta dube ni da ladabin da ake yi wa baƙuwa. "Idan kin gan ta, ki ce ina cigiyarta."

Kai, wannan magana ta fi ɗinkin ciwo. Na yi kewar uwata tana zaune taku biyu da ni. Na zame ƙasa na jingina da gadonta ina kuka, ɗankwalina ya faɗi ban ko kula ba. Sati uku kaina bai ga mataji ba, ya cukurkuɗe.

Sai na ji Inna ta ja tsaki. "Wannan wace irin ƙazanta ce? Miƙo tsinken nan."

Yaya ta miƙa mata. Yatsun Inna suka shiga gashina, suka lalubi ƙeya, suka tsaya. Ta sake shafawa a hankali, ta juya kaina gefe da tafin hannu, ba neman izini.

"Auta," ta ce, "ina kika shiga haka? Zauna da kyau, ba na son mutsu-mutsu."

Ban motsa ba. Ta ja, da zafi, na daure don kada ta gama da wuri.