Kwarmin Bayan Kunnen Hamidu

Mako shida bayan Hamidu ya faɗo daga saman rumbu, sai ya fara barci yana cikin magana. Mutumin da bai taɓa yarda a riga shi gona ba, a tashe shi sallar azahar ya tambaya ko an yi asuba. Ɗansa Ibrah ya kai shi asibiti a Yamai, aka sa kansa cikin na'urar hoto, aka ba su faifai da takarda. Takardar ta ce jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, gefen hagu, yana danne ƙwaƙwalwa a hankali. Lokotoro, wato likitan, ya ce su dawo ran Litinin a huda a fitar da shi. Ya maimaita sau biyu: kada su wuce Litinin.

Ran Juma'a Zuwaira, ƙanwar Ibrah, ta iso gida Filinge daga Turai da jaka ɗaya da kwamfuta. Shekara bakwai tana aiki a wani gidan bincike inda ake nazarin ƙwaƙwalwar birai. Aikinta daidaita hotuna. Kan kowane biri daban yake, don haka sai ta ɗauki hoton ta juya shi har ya zauna bisa awo ɗaya: layi daga ramin kunne zuwa ramin kunne, wani daga nan zuwa ƙasan ido. Tsakiyar layin kunnuwa ita ce sifiri. Daga sifirin nan ake ƙirga komai, gaba ko baya, sama ko ƙasa, hagu ko dama, har mai fiɗa ya san inda zai sa allura.

Akwai abu ɗaya. Biri rub da ciki ake kwantar da shi, na'urar kuwa don mutum mai kwanciya rigingine aka yi ta, saboda haka hotunan gidan binciken suna fitowa hagu a dama. Tun shekararta ta farko Zuwaira ta saita kwamfutarta ta riƙa musanya gefen da kanta da zarar an buɗe hoto. Ta yi shi sau ɗaya, ya yi mata aiki shekara bakwai, ta manta yana nan.

Ran Asabar da hantsi ta zauna a rumfar tsakar gida ta buɗe faifan mahaifinta. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta nemo kunnuwa, ta nemo ƙasan ido, ta kafa sifiri. Sannan ta kira Ibrah.

"Yaya, zo ka gani. Mi takarda ta ce?"

"Hagu."

"To ga jinin nan. Dama yake."

Ibrah ya leƙa, bai ga komai ba sai toka-toka. "Ke, lokotoro ne fa ya rubuta."

"Lokotoro mutum ne, kuma hoto nawa yake dubawa a rana? In suka huda hagu, lafiyayyen wuri za su tarar, su bar jinin inda yake. Kawuna ɗari uku na daidaita da hannuna."

"Na birai."

"Kunne biyu, ido biyu. Awon ɗaya ne."

Ta kira asibitin. Wani majo, ma'aikacin jinya, ya ɗauka ya ce lokotoro yana ɗakin fiɗa, su dai zo Litinin a duba tare. Ta ɗaga murya da Faransanci, ta ce ba za ta kai ubanta wurin da ba a san hagu da dama ba. Majon ya kashe waya. Ta aika wa shugabanta na Turai saƙo, ta ce sai ya amsa za a motsa. Shi kuwa yana hutu.

Laifin ba nata kaɗai ba ne. Ibrah ne ya tsaya gaban lokotoro, da kunnensa ya ji an ce kada a wuce Litinin. Amma ya ji kunyar musu da wadda ta fi shi karatu, ya je tasha ya ce wa direba ya ba wani kujerun da ya kama musu na Litinin. Mutum yakan bar abin da ya sani don kada a ce da shi jahili, kuma wannan ma girman kai ne.

Lahadi kasuwa ta ci ta watse. Litinin ta wuce. Ran Talata Hamidu ya yi amai, ya kira Zuwaira da sunan uwarta da ta rasu. Gidan ya yi tsit, har mata masu daka suka koma maƙwabta. Zuwaira tana duba waya, tana komawa ga hoton, tana sake awo. Kowane awo ya ba ta dama.

Ran Laraba bayan azahar Idi wanzami ya shigo da zabirarsa. Tare suka tashi da Hamidu a Tabla, kuma shi ke yi masa aski tun kafin a haifi Ibrah.

"Tashi, raggo! Gero na can na jiranka, kai kana nan kamar sabuwar amarya."

Hamidu ya buɗe ido da ƙyar. "Wanzamin... banza," in ji shi, harshen ya yi nauyi.

"Alhamdu lillahi, bakin yana nan." Idi ya jiƙa masa kai, ya yi aski a hankali, bai ƙara wasa ba. Da ya gama sai ya juya wurin Zuwaira. "Ɗiyata, lokotoron birai, an ce kin sa kan abokina cikin akwati. Gwada mini in ga ko akwai wani abu ciki."

Ta yi murmushin dole. Ta fito masa da ƙoƙon kan, fari fat, tana juya shi da yatsa.

"Tsaya. Koma baya. Wanga wane gefe ne?"

"Hagu, Baba Idi."

"A'a."

"Ga shi a rubuce."

"Ban iya karatu ba. Kin ga kwarmin nan na bayan kunne? Raƙumin kawunsa ne ya harbe shi muna yara. Bayan kunnen dama yake. Shekara arba'in askata tana rage gudu a wurin. Ko dai ba kan Hamidu ba ne wanga, ko an juya shi."

Ya kama hannunta ya kai bayan kunnen daman mahaifinta. Fatar sabon aski, santsi, ga ramin da yatsa ke faɗawa. Ta taɓa bayan na hagu. Sumul.

Ta koma ga kwamfuta. Ta shiga inda ba ta shiga ba tun shekara bakwai, ta tarar da saitin, ta kashe shi. Hoton ya juya. Kwarmin ya koma dama, jinin ya koma hagu, inda takarda ta ce tun farko.

"Yaya! Nemo mota. Yanzu!"

Ibrah ya fita da gudu. Motocin Yamai sun tashi tun safe, kuma direbobi ba su son hanyar nan in rana ta karkata. Kafin wani ɗan kasuwa ya yarda ya ba da tasa, an kira la'asar. Suna shirin ɗaga shi Zuwaira ta miƙa masa ruwa. Ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi rufewa, kofin ya faɗi a ƙasa. Ita kaɗai ta san ma'anarsa: gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da hannun dama, kuma ya fara saki.

An huda shi ran Alhamis, a hagu, jini ya fita. Lokotoro bai yi faɗa ba. Ya dubi ranar da ke kan takardarsa, ya dubi Ibrah, ya ce kwana uku da yawa ne.

Hamidu yana raye. Yana zaune a rumfa, hannun dama kan cinya, bai ƙara riƙe hauya ba. Magana ma ba ta dawo ba, sai kalma ɗaya ko biyu. Duk Laraba Idi yakan zo ya zage shi, ya ɗan jira amsa, sannan ya jiƙa kan. Yanzu wuri biyu askar ke rage gudu.