Butar Shayin Uwar Ozella

A garinmu Larkin ana cewa bakina ba ya riƙe magana. Sharri ne. Wannan da zan faɗa na riƙe ta tun kafin mu binne Ozella, har ta fara danne mini ƙirji, likita kuma ya ce in rage ɗaukar kaya masu nauyi. To, ga shi na sauke.

Ni da Ozella Tibbs tare muka tashi, tare muka tsinci auduga, tare muka bar makaranta tun ba mu iya dogon lissafi ba. Ni na yi aure sau uku, ita sau ɗaya, ta ce ya ishe ta darasi. Da tsufa ya kama mu, zuciyarta ta fara ba ta wahala, buri ɗaya ya rage mata: in ta mutu a kwantar da ita a gefen uwarta.

Uwar tana tsohuwar maƙabartarmu ta bakin kogi, bayan gonar gidan Stroud, fararen fatan da ke da ƙasar wurin. Mutanenmu na da ba su da halin sayen dutse mai rubutu. In mutum ya rasu, sai a ɗauki abin da ya taɓa na ƙarshe, kofi ne ko faranti ko fitila ko kwalbar magani, a fasa gindinsa a kife a kan kabarin, a zagaye da fararen katantanwa na kogi. Da haka kowa yake gane nasa. Na uwar Ozella butar shayi ce mai shuɗin fure, ba ta da murfi.

Shekarar da mu baƙaƙen fata muka fara shiga layin ƙuri'a a gundumarmu, tsoho Stroud ya ja waya ya kewaye wurin, ya sa kwaɗo a ƙofa. Ya ce tunda mun zama manyan mutane, mu nemi wata ƙasar mu binne manyanmu. Lokacin da muke da ƙarfi mukan ratsa ta ƙarƙashin wayar, Ozella ta cire ciyawa ta goge butar, ni ina gadi. Da gwiwoyi suka ƙi, shi ke nan, sai dai mu hango itatuwan daga titi.

Sai ga zaɓen shugaban gunduma. Mai riƙe da kujerar, Dub Haskell, irin mutanen nan ne da in sun gaisa da baƙar fata sai sun goge hannu a wando. Wadda ta fito ta kara da shi kuwa Corinne Stroud ce, jikar tsohon nan mai kwaɗo, ta dawo daga birni da digiri da tattausar murya. Mai yi mata jagora a cikinmu Cleophus ne, ɗan ƙanen Ozella, dattijon coci kuma direban motar coci, wanda tun yana ƙarami yake son tsayawa kusa da duk wanda ake ɗauka hoto.

Wata Lahadi ya kawo ta cocinmu. Fasto ya ba ta wuri, ta tsaya ba ko hula a kanta, ta fara kuka tun ba ta kai ƙarshen gaisuwa ba.

"Na zo ne in nemi gafara," in ji ta. "Mu fararen fata, mu duka, muna da alhakinku a wuyanmu. Babu wanda hannunsa yake da tsabta a cikinmu. Mu duka."

Mata suna ta fifita da maficin kwali suna "Amin." Sista Lavonne har da ɗaga hannu sama, ita da mijinta bai taɓa neman gafararta ba ko da wasa. Sai na ji Ozella tana lalubar sandarta. Na ja mata riga, ta buge mini hannu ta miƙe.

"'Yan mata," ta ce, "ni ba ni da rigima da duk fararen fata. Ban san su ba. Wanda na sani sunansa Stroud, ya sa kwaɗo a kan uwata. Makullin yana rataye a kicin ɗin gidanku, bayan ƙofa, na yi shekaru ina goge masa ƙura. Shi nake so."

Corinne ta sauko ta kama hannun Ozella biyu, hawaye na ɗiga a kan safar hannun da Ozella ta wanke jiya jiya.

"Mama Ozella, kafin ranar zaɓe za ki shiga ki ga mahaifiyarki. Na yi miki alkawari a gaban Allah."

Bayan sujada aka soya tarwaɗa a bayan coci, da burodin masara da shayi mai ƙanƙara, gardama ta tashi. Cleophus ya ce ai irin wannan tuba ba a taɓa ganin ta a gundumar nan ba, mace ta ɗauki laifin kakanninta gaba ɗaya ta ɗora a kai. Wani ya ce yarinya ba ta yi wa kowa komai ba, a bar ɗora mata. Wata ta ce duk wanda ya gaji gona ya gaji abin da aka binne a cikinta.

"Anti Verlene, ke ba ki ce komai ba," in ji Cleophus.

"Ina cire ƙaya ne, ɗan nan. Amma mijina na biyu ma haka yake. In na kama shi da laifi sai ya ce ai mu maza duk haka muke. Ban taɓa jin ya ce ni Rufus na yi ba."

Aka yi dariya. Ozella ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai in ga butata."

Asabar ɗin ƙarshe kafin zaɓe Cleophus ya zo ya kwashe mu a motar coci. Ozella ta sa farar rigarta da hular zuwa coci, ta ɗauko tsumma da kwalbar ruwa don goge butar. Duk hanya tana gaya mini yadda za mu yi: daga ƙofa a bi ta wurin fitilar tsoho Ike, a wuce farantai biyu na tagwayen gidan Mabry, butar tana hagu.

Ƙofa a buɗe muka same ta, an ɗaura mata ƙyalle. Fararen fata sun cika wurin, samari da 'yan mata da tsofaffi, duk da riga iri ɗaya, fuska ta yi ja da rana, suna ta murmushi. Ga mai ɗaukar hoto. Sai na duba bayansu.

Fili ne fetal. An yanke ciyawa, an share, an bi da manjagara, an daidaita ƙasa kamar za a yi wasan ƙwallo. Babu kofi, babu faranti, babu katantanwa ko ɗaya.

Corinne ta taho da gudu. "Mama Ozella, kin gani? Mako guda muna aiki. Ba za ki yarda da irin sharar da muka kwashe ba. Fasassun kwanuka, kwalabe, har da fitilu. Mutane ba su da tausayi, su mayar da maƙabarta juji. Na ce ba za ki shigo ki tarar da mahaifiyarki a cikin ƙazanta ba."

"Ina kuka kai su?" in ji Ozella. Da ƙyar na ji muryarta.

"Motar shara ta kwashe tun shekaranjiya. Kada ki damu, ba abin da ya rage."

Ozella ta wuce ta, ta shiga filin da sandarta. Ta yi gaba, ta dawo, ta yi hagu, ta tsaya. Ta ɗaga kai tana neman itacen da take kwatance da shi, shi ma an sare masa rassa. Tana riƙe da tsumma da kwalbar ruwa, tana juyawa a tsakiyar fili kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa.

Yarinyar nan Corinne ba ta sani ba, wannan na yarda. Waɗanda suka yi aikin ma ba su sani ba, wata tsohuwa a cikinsu duk tafin hannunta ya yi bororo. Amma na juya na kalli Cleophus, sai ya sunkuyar da kai. Na ja shi bayan mota.

"Ka san za su share?"

"Anti, ta gaya mini za su yi gyara…"

"Kai, kalle ni. Ba kai ne ka riƙe mana waya muna ratsawa ba? Ba ka san butar kakarka ba?"

"Na zo ran Laraba na tarar sun riga sun yi nisa. Me zan ce? In ce musu kun zubar da kakanninmu? Ga 'yan jarida a tsaye. Anti, don Allah, ki lallashi Goggo kada ta ta da magana yanzu. In wannan ya fita, Dub ya ci zaɓe. Bayan zaɓe akwai masu na'urar da ke gano kabari a ƙarƙashin ƙasa, Corinne za ta kawo su. Ni na ɗauki nauyin wannan."

Ran Laraba buhunan da aka zuba kayan suna nan a bakin ƙofa, ba a kwashe ba. Daga baya na ji haka a bakin Sista Lavonne, wadda surukinta ke tuƙa motar shara. Kalma ɗaya ta isa Cleophus ya ce a kwance su.

Ya je ya yi wa Ozella raɗa a kunne. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta bari aka tsayar da ita kusa da Corinne aka ɗauki hoto. Hoton nan shi aka manna a kowane shago a unguwarmu. Ran Talata muka shiga motar coci muka je muka dangwala wa Corinne, har da Ozella, don ta ce ba za ta mutu Dub Haskell yana kan kujera ba. Corinne ta ci, kuma kowa ya san da ƙuri'un wa ta ci.

Masu na'ura ba su zo ba. Da fari aka ce a jira sabuwar shekara, sannan aka ce a jira majalisa ta zauna. Na raka Ozella ofishin gunduma, muka zauna a benci har ƙafafunta suka kumbura. Da Corinne ta fito sai ta rungume ta.

"Mama Ozella, kullum kina raina. Abin ba a hannuna ni kaɗai yake ba, mu duka ne a majalisa."

"Wancan karon ma ku duka ne," in ji Ozella.

Abin da ya zo shi ne dutse. Babban dutse mai sheƙi, an kafa shi kusa da ƙofa, an rubuta cewa dukan mutanen gundumar nan suna nadamar abin da ya wuce. Babu sunan Stroud a jiki, na sa an karanta mini har sau biyu don kada in ce idona ne. Aka kewaye dutsen da ɗan fili kamar faɗin falona, aka ce wannan ita ce maƙabartar. Sauran, har zuwa bakin kogi, masu awon ƙasa suka ce ba su ga alamar kabari ba. Gidan Stroud suka sayar wa masu gina masaukin 'yan kamun kifi. Cleophus kuwa ya sami ofis a gunduma, da tebur da sunansa a ƙofa.

Ozella ta rasu da bazara, a kan kujerarta ta baranda. Muka binne ta a sabuwar maƙabarta, bayan coci, gefen babban titi inda manyan motoci ke wucewa dare da rana. Maƙwabcin kabarinta wani mai sayar da inshora ne da ba ta taɓa shiri da shi ba.

Corinne ta zo jana'iza da furanni da suka fi na kowa girma, ta yi kuka fiye da dangi. Da aka gama rufe ƙasa na buɗe jakata, na fito da kofin da Ozella ta sha shayi da shi a safiyar ranar, na buga gindinsa a kan dutse ya fashe, na kife shi a wajen kanta. Mutane suka fara watsewa zuwa cin abinci. Ina juyawa sai na ga Corinne ta durƙusa, ta miƙa hannu tana tsince ɓarɓashin.

"Kada wani yaro ya taka," in ji ta.

Har yau ba wanda ya gaya mata cewa alamun kaburbura ta kwashe. Na kalli Cleophus, yana tsaye a bayanta riƙe da jakarta, ya kau da kai yana kallon titi.

Na ɗora bakin sandata a bayan hannunta. Ban danna ba, Allah ya sani, na dai ɗora.

"Ajiye," na ce. "Cleophus, zo ka gaya wa shugabarka abin da ta kwashe a bakin kogi. Ka gaya mata ita, da sunanta. In ka gama ka faɗi naka."

Bai zo ba. Ya ce rana ta yi zafi, Anti ta gaji, a kai ta inuwa. Corinne ta zuba ɓarɓashin a ƙasa, ta miƙe tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi komai ba. Ta bi shi suka tafi wajen abinci.

Na zauna a kujerar da aka bari a bakin kabarin har suka gama ci, don kada wani mai kirki ya zo ya share.