Rufin Asirin Malam Sha'aban

Karo na goma sha ɗaya ke nan Siddiƙa tana dangwala yatsa a gurbin da aka ce a sa kalmar sirri, kuma har yanzu gurbin yana nan fayau. Da can, da ta taɓa shi sai wani ɗan koren layi ya leƙo a saman haruffan wayar, ta ɗora babban yatsanta, baƙaƙen ɗigo su jeru da kansu, shafin ya buɗe. Yau babu layi, babu ɗigo.

Wayar ta mahaifinta ce, Malam Sha'aban, wanda yau kwanansa ashirin da uku a kabari. Mota ce ta kaɗe shi a kan babur a hanyar Kongolam. Mutum ne mai son abin zamani har ya so ya yi yawa. Shi ya cike wa Siddiƙa takardar neman shiga kwalejin koyon aikin jinya a wayar nan, kuma shi ya sa wata manhaja mai hoton makulli wadda take ƙirƙiro kalmomin sirri ta adana, ta kuma cike su da kanta idan an zo shiga shafi. Yakan yi alfahari da ita a zaure. "Ko ni ban san su ba," in ji shi, "ita take haifa, ita take reno." Ya sa ta gane yatsansa, ya sa ta gane na Siddiƙa, daga nan ya daina rubuta komai a takarda.

Da safen nan ƙawarta Zulfa ta kira ta tana haki. Jerin sunaye na biyu ya fito tun Laraba, sunan Siddiƙa ne na goma sha huɗu. Abin da ya rage kawai ta shiga shafin kwalejin ta danna cewa ta karɓa, kafin ƙarfe huɗu na yau Juma'a. Wadda ba ta danna ba, a ba wata gurbinta. Shekara ta uku ke nan tana nema. Kwalejin kuma tana wata jiha, tafiyar awa shida daga Daura, balle a ce ta hau mota ta je ta roƙa.

"Ki kashe ta ki kunna mana," in ji mahaifiyarta Kubura daga kan tabarmar da take zaman takaba.

"Na yi sau uku, Inna."

"To ko ta yi sanyi ne? Ta daɗe a ajiye."

Ta daɗe ɗin kuwa. Tun ranar addu'ar uku Baffa Ɗantsoho, yayan marigayin, ya haɗa wayar da sauran kayan ɗan'uwansa ya tafi da su ajiya, sai jiya da magariba ya aiko da ita. Siddiƙa ba ta da ƙarfin yi wa Inna bayanin cewa waya ba tuwo ba ce da za ta huce. Ta zura hijabi, ta ce za ta wajen Malam Suhaibu.

Shagon Malam Suhaibu yana bakin tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da man gyaɗa. Dattijo ne mai furfura a gemu, shekara goma sha biyar yana gyaran waya, kuma ba ya taɓa na'ura sai ya gama gaisuwa. Ya yi mata ta'aziyya tiryan-tiryan, ya tambayi haƙurin Inna, ya tuna yadda marigayin yake zama a bencin nan su yi musu. Ita kuwa idonta na kan agogon bango. Sha ɗaya da kwata.

"To, mu gani, 'yar Malam. Ta ina kika shiga shafin?"

"Ta saƙon da Zulfa ta turo min."

"Yauwa, ga matsala ta farko. In kika danna daga cikin saƙo, wata 'yar taga ce take buɗewa, wani lokaci ba ta kiran mai cike gurbin. Sai a burauza sosai, ainihin manhajar buɗe shafuka."

Ya kwafe adireshin ya buɗe shi a burauza. Zuciyarta ta ɗan saki. Ya taɓa gurbin. Shiru. Ya duba ko burauzar da kanta ta adana wani abu, ya tarar da wurin wayam, ko tarihin shafukan da aka taɓa buɗewa babu. Ya gyara zaman tabaransa, ya shiga saitin wayar, ya gangara can ƙasa inda ake zaɓen manhajar da za ta riƙa cike kalmomin sirri. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya juyo mata da fuskar wayar.

"Kin ga abin da aka rubuta? Babu. Ba ƙin aiki ta yi ba, ba ta cikin wayar ne gaba ɗaya."

"Ina za ta je?"

"Wace iri ce? Kin tuna hotonta?"

"Koriya, da makulli a tsakiya."

Ya nemo ta, ya sake sauko da ita. Da koren hoton ya bayyana, Siddiƙa ta ji kamar ta hango ɗan gida a baƙon gari. Ta miƙa yatsa za ta ɗora, Malam Suhaibu ya girgiza kai.

"Ba ta san ki ba yanzu. Sabuwa ce fil. Kayan suna nan a ajiye can wajen masu ita, amma sai an buɗe da uwar kalmar sau ɗaya, wadda Malam ya sa tun farko, sannan ta yarda da yatsa. Kin san ta?"

Ba ta san ta ba. Wa ya taɓa tambayar mahaifinsa irin wannan, yana raye yana shan fura?

Suka koma shafin kwalejin, suka danna wurin waɗanda suka manta kalmar sirri. Shafin ya ce ya tura saƙo zuwa imel. Imel ɗin kuwa wanda Baba ya buɗe mata ne musamman don wannan nema, kalmarsa tana cikin manhajar. Suka ce wa imel ɗin ma sun manta. Ya ce zai tura lamba zuwa layin da ya ƙare da arba'in da bakwai. Siddiƙa ta runtse ido. Layin ƙaramar wayar Baba ne, wadda take aljihunsa ranar hatsarin, ba a kuma ganin ko murfinta ba.

"Ba za a yi sabon layin ba?"

"Za a yi. Da takardar shaidar rasuwa, da rantsuwar kotu. Yau kuma Juma'a." Ta gane ba za a gama wannan kafin ƙarfe huɗu ba.

Akwai lambar waya a ƙasan shafin kwalejin. Ta kira sau tara, tana ta ƙara ba a ɗauka. Sai aka koma canken uwar kalmar manhajar. Ta sa sunanta da shekarar haihuwarta. Ta sa sunan Inna. Ta sa lambar babur ɗin. Ta sa Daura da manyan haruffa, ta sa da ƙanana. A na biyar manhajar ta ce a dakata minti goma sha biyar. Ta kira Inna ta tambaye ta ko Baba ya taɓa faɗar wani abu.

Inna ta ce, "Gwada Madina."

Madina ce 'yarsu ta fari, wadda ta rasu tana wata bakwai, tun kafin a haifi Siddiƙa. Ba a ambatar sunanta a gidan. Siddiƙa ta jira mintunan suka cika, ta rubuta sunan a hankali, har ta yi bisimilla. Manhajar ta ce ba daidai ba, ta kuma ninka lokacin jira.

Aka fara kiran sallah. Malam Suhaibu ya ja ƙofar shago, ya bar mata benci da inuwar rumfa. Tashar ta yi tsit, sai awaki. Nan ne kuka ya zo mata, kuma ba kukan maraici ba ne, haushin Baba take ji. Mutum ya ɗauki rayuwar 'yarsa ya zuba a akwati, ya tafi da makullin! Me zai rage shi in ya rubuta a bayan kalanda kamar kowa? Da ta ji abin da zuciyarta take faɗa a kan wanda ko arba'in bai yi ba, sai kunya ta kama ta, ta shiga nema masa gafara tana share hanci da bakin hijabi. Ba ta taɓa jin ta kaɗaita irin na wannan awa ɗaya da rabi ba.

Ƙarfe uku saura kaɗan Malam Suhaibu ya dawo. Suka ƙara gwaji uku, duk a banza. Ya ajiye wayar a kan tebur ya tura mata.

"'Yar Malam, ilimina ya ƙare. Amma manhaja ba ta da ƙafa, wani ne ya cire ta. Wa ya riƙe wayar nan? Wataƙila ya kwafe wani abu kafin ya cire, ko Malam ya taɓa faɗa masa kalmar."

Ta tari ɗan acaba zuwa gidan Baffa.

Ta same shi a zaure shi kaɗai, bai ko cire rigar Juma'a ba. Baffa Ɗantsoho dillalin hatsi ne, ya ba saba'in baya, kuma abin da ya iya da babbar waya bai wuce abin da jikoki suka nuna masa ba. Tun rasuwar ƙanensa ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta tambaya ko ya taɓa wani abu a wayar Baba.

Ya leƙa ƙofa, ya leƙa cikin gida, ya rage murya.

"Zauna, Siddiƙa. Ke ba yarinya ba ce yanzu. Kin san an ce abin da mutum ya bari a wayarsa na waƙe-waƙe da hotuna, in ana kallo ana ji, yana bin sa har kabari. Shi ya sa na karɓe ta. Na goge waƙoƙi, na goge 'yan wasanni, na share duk inda ya taɓa leƙawa. Sai na tarar da wani abu mai hoton makulli." Ya sake leƙa ƙofa. "Na taɓa, ya ce yatsa. Na sa nawa, ya ƙi. Na sa duk goman, ya ƙi. Wayar kanta kowa a gidanku ya san yadda ake buɗe ta, amma wannan ya kulle shi da yatsansa. Namiji ba ya yin haka sai da dalili."

"Baffa..."

"Bari in ƙarasa. Ban nuna wa kowa ba. Ban kai wa mai gyara ba, kada a buɗe a ga abin da ba a so, gobe a ji shi a tasha. Na cire shi da hannuna. Ko uwarki ban faɗa wa ba, kuma kada ki faɗa mata." Hawaye suka zubo masa. "Ni na goye shi a bayana, Siddiƙa. Na ɗauka na san shi ciki da bai. Kwana ashirin ke nan ba na iya cin abinci. Kullum sai na yi masa sadaka in ce, Allah, ko mene ne a ciki, Ka rufa masa asiri kamar yadda na rufa."

Siddiƙa ta dube shi. Garin gyaran gira an rasa ido, ga kuma mai gyaran a gabanta yana hawaye. Bakinta ya cika da magana, mai zafi, wadda za ta iya faɗa cikin numfashi ɗaya. In ta yi shiru gaba ɗaya, tsohon nan zai mutu yana zargin Baba da abin da bai yi ba. In ta faɗa duka, zai mutu da sanin abin da hannunsa ya yi mata. Ta dubi wayar a cinyarta. Huɗu saura minti shida.

"Baffa, na san abin da ke ciki. Ni ma yatsana yana buɗewa, Baba ne ya sa min."

Ya ɗago da sauri. "Ke?"

"Ni. Babu hoto, babu komai na kunya. Lambobi ne kawai na shiga wurare, irin su imel. Don kada ya manta yake ajiye su a nan."

"Ki ce wallahi."

"Wallahi, Baffa."

Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza, yana alhamdulillahi, yana kiran sunan ƙanensa yana cewa ya yafe masa zato. Ta zauna tana kallonsa har ya nutsu. A lokacin agogon da ke saman wayar ya riga ya wuce huɗu, ta kife ta a kan tabarma.

"To ba dai na yi ɓarna ba ko?" ya tambaya yana goge ido. "Ba abin da ake buƙata a ciki?"

"Babu, Baffa. Amfaninsu ya wuce."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ƙwala wa cikin gida kira a kawo masa abincinsa, yau zai ci. Sannan ya juyo gare ta da fuska a sake, irin wadda ba ta gani ba tun ranar jana'iza.

"Af, ina maganar makarantar nan taki? Sha'aban ya ce min bana yana sa rai ƙwarai."

"Bana ma ban samu ba, Baffa."

"Ayya. To, ba rabo. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Ta ce, "Amin."