Jan Mai a Gindin Gawo

Ustaz Abdulmajid yana da shagon takalma a kasuwar Dutsi, da gemu mai kyau, da tsohuwar mota 'yar Kwatano. Da bazara ta kama, ya ɗaura aniyar zuwa ƙauyukan hanyar Lugu duk Juma'a, ya raba mutane da bori. Mutanen ba su roƙe shi ba.

Juma'a uku a jere, da rana tsaka, motar ta yi shessheƙa ta mutu a gindin wani gawo da aka ce doguwa ke zaune a cikinsa. Sai ta huta rabin awa ta tashi, lokacin an riga an sallame. A ƙauyukan aka ce doguwa ta san mai zaginta. Abokan Ustaz suka ce sihiri ne, suka yi wa sitiyari tofi. Shi kuwa ya san idan ta sake tsayawa a wurin, ko da lasifika biyu ya zo ba wanda zai ƙara sauraronsa.

Ran Alhamis ya kai ta garejin Yaro, wanda shekararsa sittin da wani abu amma sunan bai sake shi ba. Yaro ya duba wuta, lafiya lau. Ya ɗaga kujerar baya, ya murɗa makulli, ya kasa kunne ga kukan famfon mai. Sannan ya tambayi esansi, wato fetur, nawa ake zuba mata. Ustaz ya ce gwargwadon buƙata. Allurar tanki tana kwance kamar ta rasu tun bara.

Yaro ya ce da safe kowace mota mumina ce, sai a rana ake sanin halinta. Don haka washegari ya shiga gaba da agogon awon ƙarfin mai a cinya, suka kama hanya. Da fitarsu gari agogon na kan uku. Suna tafe yana sauka, Ustaz na karatu da ƙarfi. Daidai gawon ya faɗi ƙasa da ɗaya, motar ta mutu.

"Ka gani, Baba?" in ji Ustaz. "Nan ɗin dai."

"Na gani. Kilomita ashirin ke nan daga mai kwalaben man Najeriya da kake saye wurinsa. Famfon nan cikin mai yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Kai kuma kwalba biyu kake ba ta, kamar mai ba mara lafiya kunu. In rana ta yi ya ɗau zafi, ya gaji. Da kuka akwai nan, da a gindin kuka za ta mutu."

Ustaz ya so a ce akwai hannun maƙiya ko kaɗan ne. Yaro ya ce maƙiyin yana cikin aljihunsa. Ya kwance matatar mai, ya juye abin da ke ciki a gwangwanin tumatir: jan ruwa mai kauri kamar jini, rabi tsatsa rabi ƙasar Najeriya. Ya miƙa masa ya ce ya zubar nesa da inji, shi zai ɗaura sabuwar matata ya ƙara jarkar man da ya taho da ita.

Rana ta yi zafi, inuwa kuwa ɗaya ce a wurin. Ustaz ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gindin gawon, ya tsiyaye jan ruwan a hankali don kada ya fantsamar masa a wando. Bakinsa na motsi, don yana lissafin abin da zai ce a wa'azi.

Manu, wani makiyayi da ke wucewa kan babur zai je masallaci, ya rage gudu, ya kalla da kyau, ya gaishe su da ladabi. Bai gama wucewa ba motar ta tashi da murɗa ɗaya.

Karon farko Ustaz ya iso kafin huɗuba, amma Manu ya riga shi kai labarin abin da ya ga an zuba wa doguwa, kuma bai taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har tsofaffin da ke juya masa baya sun zo sahun gaba. Inna Zalika, wadda ta fi kowa girkar bori a yankin, ta aiko a gaishe shi, a ce masa jan zakara ma ya wadatar, ba sai ya wahalar da kansa ba.

Bayan salla ya miƙe. Ya ajiye maganar shirka, ya yi minti arba'in yana bayanin famfo da matata da illar tanki mara mai. Ya kira Yaro shaida. Yaro ya ce shi dai yana ƙarƙashin mota, bai ga komai ba.

Mutane suka gyaɗa kai cikin tausayi. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, kowa da sunan da yake kiranta da shi.