Injin Markaɗen Alhaji Sharif

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Jibo a ƙarshen kaka, cin abinci ya zama babban aiki a gidan 'yarsa Zalihatu. Ita ce ta ɗauko shi daga Kore Mairuwa ta kawo shi Dogon Dutsi, inda take koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, don gidan likita ya fi kusa, ga shi kuma mijinta direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya, ɗaki guda yana nan babu kowa ciki. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana kora amalanken jaki zuwa kasuwa, wanda kan share kwanon tuwo shi kaɗai ya tashi yana tambayar fura, yanzu lomar da ba ta kai kan yatsa ba sai ta tsaya masa a maƙogwaro. Likita ya ce a riƙa ba shi abu mai laushi, kada ya yi tauri, kada kuma ya tsinke ya shaƙe shi. Kunu dai ya sha shi har ya kai in ya hango kofin sai ya juya fuska bango. Ya rame, ƙasusuwan wuyansa duk sun fito.

Wanta Luƙman yana aiki a Yamai. Tun da aka kawo tsohon sau ɗaya ya zo, ya kwana guda ya koma, amma waya kam ba ya fashi. Shi ne ya fara turo mata bidiyon wani injin markaɗe na ƙasar waje, ana zuba masa ƙanƙara da karas har da ƙashin kaza, ya mai da su kamar madara. Ya ce ya riga ya yi magana da abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Sharif mai butik a bakin kasuwa, akwai irinsa a hannunsa, jika ɗari uku na kuɗin sefa. Shi zai ba da ɗari biyu, ita ta cika.

Zalihatu ta ce ai akwai ƙanana na jika goma sha biyar. Ya ce waɗannan kayan wasa ne, ba su iya nama, wata guda sun ƙone. Ta san ba ƙarya ya yi ba, don ta taɓa sayen ɗaya, tattasai kawai ya markaɗa sau huɗu ya yi hayaƙi ya mutu. Da ta ƙara jan magana, sai ya ce, "Baba ne fa, Zalihatu."

Ranar Alhamis da ta tashi daga aji ta biya butik ɗin. Alhaji Sharif mutum ne mai ƙiba, mai taushin murya, turarensa ya cika shagon har yana hawa kai. Yana zaune tsakanin fankoki da kuloli da talabijin, yana yagar kilishi daga takarda. Da ta faɗi ko ita wace ce, ya ajiye kilishin, ya sunkuyar da kai ya yi ta jera wa Malam Jibo addu'a, yana cewa Babanmu, Babanmu, alhali ta tabbata ko a hanya ya gamu da tsohon ba zai gane shi ba. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, ya yanke salatif, ya fito da injin: baƙi, mai nauyi, da tulu na roba mai kauri da ake ganin ciki. Ya ce sabo ne fil, guda uku kawai suka shigo masa, biyu sun tafi manyan gidaje. Sannan ya shiga ba ta labarin mutanen da suka tsaya lissafi da lafiyar iyayensu, sai da aka dawo daga maƙabarta suka zo shagonsa suna hawaye. Yana magana yana sakace haƙori da farce. Zalihatu ta kau da ido zuwa kan kuloli.

"Ki tai da shi, Madam," in ji shi. "Kwana ukku. In Baba bai ci ba ki maido, ba komi."

Ta ɗora kwalin a cinya bisa babur ɗin kabu-kabu ta kai gida.

Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar. Ta ɗauraye tulun, ta zuba tuwon hatsi da miyar kuka da nama yanka uku, duka wuri guda kamar yadda Alhajin ya ce a yi, ta murɗa. Ƙarar da ya yi sai da kaji suka watse, maƙwabciyarta Ajuma ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya. Gaskiya injin ya yi aikinsa. Kafin minti guda babu gudaji ko ɗaya, babu zaren nama, komai ya narke. Sai dai abin da ta juye a kwano ba ta san sunan da za ta ba shi ba. Launinsa tsakanin toka da kore, da kumfa a sama, da ɗumi-ɗumi, irin abin da mahauta ke zazzagewa daga tumbin saniya. Wani ɗan tsami-tsami yana tashi daga ciki; ta ce a ranta daddawa ce.

Ta ta da tsohon ta jingina shi da matashi. Ya daɗe yana kallon kwanon da idonsa mai lafiya. Ya buɗe baki don kada ya ɓata mata, ta sa masa cokali guda. Bai haɗiye ba. Ya riƙe shi a baki, sannan ya bar shi ya zubo ta gefen da ya shanye, ya gangara kan haɓarsa. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Wa ya tauna mini?"

Ta goge masa baki ta fita da kwanon. A bayan ɗaki ta ɗanɗana da kanta. Ba tuwo, ba miya, ba nama, sai wani yauƙi mai santsi da ke manne wa dasashi, a ƙarshensa kuma ɗanɗanon wani abu da ya kwana biyu. Ta tofar, ta kurkure baki sau uku, ta juye sauran a kwatami.

Washegari ta sake dabara. Ta sayo ayaba da nono mai kyau wajen Bafillatanar da ke kawo mata, ta markaɗa su kaɗai. Wannan kam tsohon ya sha rabin kofi, har ya lashe leɓe. Luƙman da ya ji sai murna, ya ce ai ya faɗa mata, gobe ma zai tura kasonsa. Ita ma zuciyarta ta fara karkata. Ta zauna a tsakar gida tana duban injin, tana tunanin farfesun kaza, da wake, da alayyafo, duk abubuwan da tsohon ya yi wata biyu bai sa a baki ba. Tsadar ta yi yawa, amma in zai mai da masa ko ɗan nama a jiki, mene ne a ciki? Abu guda ne ya hana ta sakin jiki. Ragowar nonon da ta shinshina ƙarnin kifi yake yi, ita kuwa rabon da kifi ya shigo gidan tun kafin azumi.

Ranar Asabar babu lakkwal. Da hantsi ta ɗauki tulun ta zauna bakin rijiya da soso da sabulu, ta kifa shi, sai ta lura gindin da wuƙaƙen ke ciki murɗe shi aka yi, ana iya kwancewa. Ya ƙi motsi sai da ta naɗe hannu da tsumma ta sa ƙarfi. Yana buɗewa wari ya buge ta. Ƙarƙashin zoben roba wani baƙin datti ne ya daskare, mai kaurin yatsa, da 'ya'yan tattasai, da siraran ƙayoyin kifi. Ruwan da ta kwana biyu tana zubawa ya jiƙa shi ya yi laushi. A cikin lungun zoben wasu ƙananan tsutsotsi farare suna motsi a hankali.

Ba ta san lokacin da ta jefar da shi ba. Ta durƙusa bakin kwatami ta yi ta amai har cikinta ya ƙulle. Abin da ke dawo mata kawai shi ne rabin kofin nan, da yadda ita da hannunta ta tallafi kan mahaifinta tana lallashinsa ya ƙara kurɓa ɗaya.

Ajuma ta ji kakarin ta zagayo. Ta ba ta ruwa, sannan ta tsuguna ta dubi injin da kyau, ta juya igiyar wutar, ta nuna wani wuri da aka naɗe da baƙin salatif. Ta ce ta san shi. Kwana goma ya yi a gidan gwaggon mijinta, Hajiya Kaltume, wadda ciwon maƙogwaro ya hana ta haɗiya, romon kifi ake markaɗa mata da shi. Ta rasu makon jiya, kuma tun kafin sadakar uku Alhajin ya aiko a karɓo kayansa. Kafin nan ma an ce ya zauna a wani gida can bayan tasha. Ajuma ta ce ai kowa ya san Alhaji Sharif da zuwa gaida marasa lafiya duk Juma'a da ledar dabino, yana bi gado-gado yana tambayar wa ke iya cin abinci, wa ba ya iyawa. Da, ita ma ta ɗauka neman lada ne.

Zalihatu ba ta wanke komai ba. Ta ɗauki zoben da tsinke ta sa a leda, ta mai da sauran cikin kwali, ta koma kasuwa. Ta jira mai sayen fanka ya fita, sannan ta ajiye ledar a kan tebur ta buɗe, ta faɗa masa inda ta samo shi da gidan da injin ya fito.

Ta zaci zai musa, ko ya ji kunya. Ko ɗaya. Ya leƙa ledar, ya ɗan taɓe baki, ya ce mutanen gidan Hajiya ne ba su da tsabta, kuma injin da aka jarraba ai ya fi wanda ba a san halinsa ba. Ya ce saboda Luƙman zai rage mata jika ashirin. Yana faɗin haka ya zaro hankici daga aljihu, ya ɗauki zoben da yatsu, ya share shi sama-sama, ya mai da shi mazauninsa ya murɗe gindin. Hankicin kuma ya ninke ya mayar aljihu. Ya jawo salatif ya fara rufe kwalin.

"Alhaji, ko wanke shi ba ka yi?"

"Wanda ya saya shi ka wankewa, Madam."

Ya miƙa hannu ya yagi kilishinsa. Zalihatu ta fita ba sallama, ta yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ta tuna da kabu-kabu.

Da yamma ta kira Luƙman ta zayyana masa. Ya zagi Sharif kaɗan, sannan ya ce to shi zai nemi sabo na gaske a Yamai ya sa a mota. Ta riga ta yi wannan tunanin a hanya. Sabo zai zo da tsabta, ƙarfin injin kuma ta gani da idonta. Amma abin da tsohon ya karɓa ayaba ce da nono, waɗanda ludayi ma yana dama su. Abin da ya ƙi kuwa, ko injin na jika dubu ne haka zai fito da shi, ya sake tambayar wa ya tauna masa. Ta ce masa ba ta so. Ya ce taurin kai ne da rowa. Ta ce, "Yaya, in kana da jika ɗari biyu, ka shiga mota ka zo ka ba shi abinci da hannunka ko na kwana uku." Ya kashe wayar, ya yi kwana tara bai kira ba.

Ta koma ga ƙaramin turmin da take daka yaji. Takan dafa nama har ya saki, ta daka, ta tace da rariya, ta sa a ɗan kwano shi kaɗai. Tuwo mai laushi a nasa kwanon, miya a nata, ta jera su a faranti yadda zai ga kowanne da kamanninsa, ta riƙa haɗa masa a cokali yana kallo. Aikin yana cin sa'a guda, kafaɗunta suna ciwo, sau biyu ta makara ajin yamma har daraktan lakkwal ya yi mata magana. Wata rana tana daka tana jin haushin kowa, har da tsohon. Shi kuwa yakan ci cokali bakwai ko takwas, ran da ya ji daɗi goma. Bai yi ƙiba ba, amma ramar ta tsaya.

Ta faɗa wa malaman lakkwal ɗinsu labarin, ta faɗa a gidan biki, ta ɗauka magana ta zaga gari. Bayan wata guda Ajuma ta zo mata da labarin cewa injin ya tafi Tibiri, gidan wani malamin makaranta mai suna Issa, wanda uwarsa ke kwance. Zalihatu ta bi ta hannun wata abokiyar aiki ta sami lambar matarsa Jamila, ta kira ta, ta gabatar da kanta, ta faɗa mata komai ba ta rage ba. Matar ta ce sun riga sun biya, kwana shida ke nan suna ba tsohuwar da shi. Sai ta tambaya, da wata ƙaramar murya, yaya ake kwance gindin.

Zalihatu ta ce mata ta kifa tulun, ta naɗe hannu da tsumma, ta murɗa hagu da ƙarfi. Ta ce ta tanadi ruwan zafi da toka, ta yi shi a waje nesa da ɗakin tsohuwar, kuma kada ta ci komai tukuna.