Wasiƙar da Ethel Ba Ta Kai Ba

Ethel ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta sunkuya ta shiga ɗakin. Sai da idonta ya saba da duhun ciki kafin ta ga Gwaggo Hajo a kan tabarma tana kaɗi, mazari yana juyawa a gefenta.

"Wannan takun na 'yar Yakubu ne," in ji tsohuwar.

"Ni ce, Gwaggo. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Yaya mutanen Wusasa? Zauna nan inda zan taɓa ki."

Yakubu, mahaifin Ethel, ƙanen Gwaggo Hajo ne. Yana saurayi ya bar cikin birni ya koma Wusasa ya zama Kirista. Ya daɗe da rasuwa, amma zumuncin bai yanke ba.

Ethel ungozoma ce. Cocinsu ya zaɓe ta ta je ta yi shekara biyu a wani ɗan asibitin mishan a ƙauye, gaba da Abeshe a ƙasar Chadi, kuma gobe da safe ne za ta hau motar Maiduguri. Sai dai faston da zai tarye ta a Chadi ya yi wata biyar shiru. Wasiƙa uku ta aika, ba amsa. Wasu suka ce yaƙi ne ya tashe su, wasu suka ce laifin gidan waya ne. Kwamitin bishara ya bar mata zaɓi. Ta yi addu'a har ta gaji, sannan ta rubuta wasiƙar fasa tafiya. Wasiƙar tana cikin jakarta, za ta miƙa wa sakataren kwamiti da yamman nan.

"Sallama kika zo yi?" Gwaggo ta tambaya.

"Da dai ita ce. Amma ina jin na fasa."

Ta bayyana mata kome. Tsohuwar ta saurara, ba ta daina kaɗi ba. Sai da ta ji sunan garin mazarin ya tsaya.

"Abeshe kika ce? Na yi damina biyu a can."

Ethel ta san Gwaggo ta je hajji da ƙafa tana yarinya, tare da iyayenta, tun ba a haifi Yakubu ba. Ba ta taɓa tambayar ta ina suka bi ba.

"Shekarata tara muka fita," in ji Gwaggo, "muka dawo ina da goma sha shida. Mukan tsaya a gari, Baba ya yi ɗinki, Inna ta yi suya, in guzuri ya taru mu ƙara gaba."

Muryarta ta yi ƙasa. Wani siririn haske ya shigo ta taga ya kwanta a kan audugar. Ethel ta jingina da bango, idonta ya yi nauyi. Tana jin kurciya a kan katanga, tana kuma ganin farin fili ba iyaka, da wata yarinya da ƙullin kaya a ka, tana bin sawun jaki. Can ta ga kamar fuskarta ce yarinyar take ɗauke da ita.

"Wa yake taryar ku in kun isa gari?" ta tambaya a hankali.

Gwaggo ta yi dariya har da tari.

"Taryar mu? Mu su wa? Inna ce take da dabara. In mun shiga garin da ba mu san kowa ba, sai ta ce mu tsaya mu shaƙi iska. Inda ƙamshin ƙosai yake, nan za mu nufa. Duk mai suyar ƙosai a hanyar gabas, ko Bahaushiya ce ko a hannun Bahaushiya ta koya. A Abeshe wata Talatu muka samu a gindin bishiya. Inna ta yi mata sallama da Hausa, matar ta saki ludayi ta fashe da kuka. A gidanta muka yi damina biyun."

"Yanzu zamani ya sake, Gwaggo. Akwai bindiga a hanya."

"Da ma akwai abin tsoro. Mun binne ƙanwata Nana a wannan hanyar, ban ce miki kowa yana dawowa ba." Ta laluba ta kama hannun Ethel. "Ni ban ce ina son aikin nan naku na mishan ba, ubanki ma ya san haka. Amma da kika zo watan jiya, wa kika ce ya aike ki?"

"Allah."

"To, na ɗauka faston ne, da na ga takardarsa kike jira."

Tsohuwar ta koma ga kaɗinta.

"In kin tafi, ki yafe mini, na yafe miki. In kin zauna, ki kawo mini maganin ƙafa ran Juma'a."

Bayan la'asar Ethel ta bi lunguna ta fito bakin ƙofar gari. Dutsen Kufena yana can kamar yana iyo a cikin hasken yamma. Tsoron bai tafi ba, yana nan a ƙirjinta. Tana jiran motar Wusasa sai ƙamshi ya zo mata. Ta tsaya, ta juya, ta bi shi. A jikin ganuwa wata mata ta ɗora kasko tana suyar ƙosai.

"Sannu da aiki. A ba ni guda biyar."

"Sannu, Malama. Sai dai takardar naɗi ta ƙare. Ko kina da abin zubawa?"

Ethel ta buɗe jaka. Ba kome sai makullai, da alƙalami, da ambulan. Ta ɗan jima tana dubansa. Sannan ta zare wasiƙar, ta warware ta, ta tara hannu biyu.

"Ba mai amfani ba ce?" matar ta tambaya.

"Zuba kawai."

Mai ya ratsa takardar, rubutun ya jiƙe har sa hannunta ya ɓace. Ta ɗauki ɗaya, ta hura, ta ci a tsaye. Da motar ta iso ta shiga ta zauna kusa da taga, tana tuna cewa ba ta ɗaure akwati ba, kuma tocilarta tana bukatar batir.