Kuɗin da 'Yar Tsana Ta Haɗiye

Ranar Talata da hantsi Misis Pickersgill ta kawo mini 'yar tsanar kakarta a naɗe cikin tawul. Gyaran 'yan tsana ne sana'ata a nan Whitby, shekara talatin da ɗoriya. Wannan kuwa tsohuwar ƙirar Jamus ce, kan tangaran, baki a ɗan buɗe, wuya ya saki. Ina ɗaga ta na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki.

"Tun ina yarinya haka take," in ji Misis Pickersgill.

Na cire kan a hankali, na kifa jikin a faranti. Sai ga 'yan kwabbai suna zubowa, farare da jajaye, kowanne bai fi farcen ƙaramin yatsana ba. Ban tsaya wata-wata ba na kira yayana Clive a waya. Tun da ya bar tuƙin bas ba shi da aiki sai tara kuɗin wasan yara na da.

Ko minti goma ba a yi ba ya faɗo shagon da silifas, kumfar aski a kunci ɗaya.

"Beryl, kada ki numfasa a kansu!"

"To sannu, Yaya. Ka gai da mutane mana."

Ina! Ya riga ya manna gilashinsa mai ƙara girman abu a ido, yana juya su da ɗan hantsaki. "Na Nuremberg ne, can Jamus. Dubi rubutun gefen, su da kansu sun ce na wasa ne. A 'yan gwangwanaye ake sayar wa yara, fiye da shekara ɗari ke nan. Amma ya aka yi suka shiga nan?"

Misis Pickersgill ta dafa ƙirji, ta fashe da dariya. "Ta baki! Kaka Edie ce! Kullum tana ba mu labarin wai 'yar tsanarta ba ta cin komai sai kuɗi. Mu kuwa muka ce tsufa ne."

Can Clive ya ƙura wa farantin ido. Ya ɗago wani ɗan fari mai kan Sarauniya da ƙaramin kambi.

"Shekara ashirin ina nemanka, ɗan banza," ya ce da shi. "Har garin Leeds na je, ashe kana cikin tumbin wannan!"

Dattijo mai ciwon gwiwa ya kama rawa a tsakar shago. Ya rungume ni, ya rungume Misis Pickersgill, ya shafa mata kumfa a hula. Garin haka kwabon ya suɓuce. Mu uku muka durƙusa ƙarƙashin tebur muna lalube, dariya ta hana mu gani. A cikin silifas ɗinsa muka same shi.

"Riƙe abinka," in ji Misis Pickersgill tana share hawaye. "Amma sai ka rubuta mini sunan kowanne daga cikin sauran, don jikokina."

Na ɗora shayi, na juya allon ƙofa na rufe shago. Clive ya zauna zai fara rubutu, sai Misis Pickersgill ta jawo gwangwanin biskit gabanta ta ce daga yau ita ce mai kanti, ba mai ci sai ya biya. Yaya ya miƙa mata ja ɗaya, ta duba shi da gilashin, ta ce jabu ne, ya ƙaro. Har azahar muna ciniki.